Babi na Biyar: Ƙasar da Yaro ke Rarrafe a Kai

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara sun lura agwaginsu na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma wa zai tsaya bincike a kan agwagwa? Annobar kaji ba baƙuwa ba ce a karkara, kowace shekara tana zuwa ta wuce. Ba a jima ba abin ya koma kan yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya ƙi nono, ya ƙi abinci, jikinsa ya saki. Daga nan sai jijjiga, sai suma, sai kuma a ji kuka ya tashi daga cikin gida.

Lokacin bazara ne, lokacin da kowane ma'aikacin lafiya a arewa ke sa ran sanƙarau. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-Gari-Na-Kowa, MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau ɗin ne a watan Maris suka ji labarin yawan mutuwar yara a ƙauyukan. Alamomin sun yi kama da na sanƙarau, sun kuma yi kama da na zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa. Aka ba da magungunan cututtukan biyu, yara suka ci gaba da mutuwa. Sai da aka ɗebi jinin wasu aka aika ɗakin gwaji a Turai sannan aka gane inda gizo ke saƙa: gubar dalma ce, kuma da yawan da likitoci ba su saba gani a jikin yaro mai rai ba.

Dalma ba ƙwayar cuta ba ce, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, sauro ba ya ɗauke da ita. Kenan wani ne ya kawo ta har inda yaran suke. Yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu kuwa ba ya zuwa ramin haƙar ma'adinai, ba ya zuwa kasuwa, ko gona ma sai a goye. Duniyarsa gaba ɗaya ita ce ɗakin uwarsa da tsakar gida da bakin zaure. A nan gubar ta same shi.

Yadda abin ya faru ba shi da wuyar fahimta. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi ta hawa, daga wajen dala 800 kowane awu har ya haura dala 1,200 a 2010. Zamfara ƙasar zinare ce tun da can, to sai manoma da yawa suka ga abin da buhun dutse zai kawo musu a mako ya fi abin da gero zai kawo a damina. Maza na shiga rami su haƙo duwatsu, a zuba a buhu a kawo gari. A farfasa da guduma su zama tsakuwa, a kai injin niƙa, irin wanda ake niƙa dawa da masara da shi, su fito gari. A wanke garin da ruwa, a haɗa abin da ya kwanta da zaiba ta kama zinaren, a ƙona zaibar ta tashi, zinare ya rage. Abin da ba wanda ya sani shi ne jijiyar dutsen da aka tarar a wancan lokacin cike take da dalma. Masana duwatsu na Amurka da suka yi nazarin samfuran daga baya sun nuna cewa ruwa da iska na tsawon zamani sun riga sun sauya yawancin dalmar zuwa wani nau'i da ruwan cikin mutum ke narkarwa cikin sauƙi. Wato ba yawa kawai ta yi ba, irin wadda jiki ya fi saurin zuƙewa ce.

Me ya sa aikin ya shigo cikin gida? Dalili biyu ne, kuma duk mai hankali zai gane su. Na farko, dutsen dukiya ne, ba a barin dukiya a daji. Na biyu, matan aure a waɗannan ƙauyuka a gida suke neman na kansu, kamar yadda matan Hausawa suka saba tun kaka da kakanni: surfe, daka, ƙuli-ƙuli, saƙar tabarma. Dakan dutse ya zo ya zama sabuwar sana'ar cikin gida, kuma ya fi sauran kawo kuɗi. Turmin da ake daka hatsi da safe shi ake daka dutse da hantsi. A shanya garin dutse a tsakar gida, inda ake shanya kuɓewa da barkono. Ƙura ta tashi ta sauka a kan tabarma, a kan randa, a kan ƙwarya, a kan zanin goyo, ta gauraya da ƙasar da ake takawa har ba mai iya bambanta su.

Manya sun shaƙi wannan ƙura, sun haɗiye ta, amma ba su ne suka yi ta mutuwa ba. A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya, domin abin da ya bambanta yaro da babba a waɗannan ƙauyuka shi ne ya bambanta su a kowane gida.

Babba yana tsaye, hancinsa da bakinsa sun yi nisa da ƙasa. Yaro mai rarrafe tafin hannunsa ne ƙafarsa, kuma duk abin da hannun ya taɓa baki zai kai. Ba rashin tarbiyya ba ne, haka yaro ke sanin duniya. Wanda ya taɓa zama da ɗan wata tara ya san ba a hana shi. Yana tsotsar yatsa, ya ɗauki guntun rake da ya faɗi, ya lashi murfin kwano, wani lokaci ma ya dumbuzi ƙasar kanta ya ci. Idan aka auna da nauyin jikinsa, yana cin abinci da shan ruwa da shaƙar iska fiye da babba. Sannan hanjinsa ya fi zuƙa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙananan yara na zuƙe ninki huɗu zuwa biyar na dalmar da babba zai zuƙe daga abu guda. Jiki na ɗaukar dalma a matsayin sinadaran da yake gina ƙashi da jini da su, don haka yaron da ke fama da ƙarancin abinci mai gina jiki, wanda cikinsa ke yawan zama babu komai, ya fi kowa kwasar ta. Ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan ginuwa, garkuwar da ke tsakaninta da jini ba ta gama ƙwari ba. Idan dalma ta yi yawa ƙwaƙwalwar ta kumbura, shi ne jijjigar da iyaye suka riƙa gani.

A watan Mayu na 2010 tawagar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Najeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar da aka lissafa, 118 sun rasu cikin watanni goma sha biyu da suka gabata, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa. Cikin yaran da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai ko sun wuce maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini, matakin da likitoci ke fara ba da maganin fitar da guba. Ƙaramar na'urar gwajin da aka je da ita ba ta iya karanta abin da ya wuce 65, kuma jinin mafi yawan yaran ya wuce ƙarfinta. Don a gane girman abin, yau Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa da zarar an ga 5 a jinin mutum a tashi a nemo inda gubar ke fitowa, kuma babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa. Kusan biyu bisa uku na gidajen sun ce suna sarrafa dutse a cikin gida. Ƙa'idar Amurka ta lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai ita ce kashi 400 cikin miliyan. An sami wuraren da suka haura 100,000. Binciken ya kuma nuna cewa mutuwa ta fi yawa a cikin 'yan ƙasa da shekara biyu, da kuma yaran da uwayensu ke aikin dutsen da hannunsu. A ƙarshe an ƙiyasta yaran da suka rasu a yankin da aƙalla 400.

Akwai magani. Sunansa DMSA, ana sha ne, yana kama dalmar da ke yawo cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, aka riƙa kwantar da yara da uwayensu na makonni. Amma nan da nan likitocin suka fuskanci tambayar da ta fi ƙarfin ɗakin jinya: idan yaro ya samu sauƙi, ina za a mai da shi? Idan ya koma tsakar gidan da ya fito, cikin 'yan makonni jininsa zai sake cika. Saboda haka aka tsai da ƙa'ida mai ɗaci amma wadda ba makawa: in ban da yaron da ke bakin mutuwa, ba za a fara ba yaran wani ƙauye magani ba sai an gyara ƙasar ƙauyen.

Ni a ganina wannan ƙa'ida ita ce abu mafi muhimmanci da ya fito daga masifar Zamfara. Likitoci ne, da maganinsu a hannu, suka ce maganin ba zai yi aiki ba sai an fara yi wa gida magani.

Kuma maganin gidan ba wani abin al'ajabi ba ne. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli na Amurka, TerraGraphics, da cibiyar Blacksmith suka jagoranci aikin tare da gwamnatin jiha da masarautu, amma hannayen da suka yi shi na mutanen gari ne, kayan aikin kuma fartanya da shebur da buhu da baro. A auna ƙasar kowane gida da na'ura, a kankare saman da ya gurɓace, a zuba a buhu a kai ramin da aka tanada a bayan gari a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. A share ɗakuna, a wanke kayan girki. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010 ana rige-rige da damina, sannan daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma da yawan guba, ita ta sha jira. A watan Mayu na 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, kuɗin bai fito ba sai farkon 2013, bayan matsin lambar MSF da Human Rights Watch da gangamin matasa a intanet mai taken ceto Bagega. Duk tsawon wannan lokaci yara kimanin 1,500 na zaune a kan ƙasar, maganinsu na ajiye, ba a iya fara ba su. Idan aka haɗa ƙauyukan takwas, gidajen da aka sauya wa ƙasa sun haura 800.

Bari in ɗan kauce. Da labarin ya bazu, abin da mutanen birni da yawa suka ce shi ne jahilci ne da kwaɗayi. Wannan hukunci ya yi sauƙi da yawa. Dalma ba ta da wari, ƙurarta ba ta bambanta da ta hunturu ba, kuma ko ma'aikatan lafiya masu takarda sai da suka yi makonni suna ba da maganin wata cuta daban. Uwar da ke dakan dutse don ta sayi sabulu da man shafawa da maganin ɗanta ba ta yi abin da ya saɓa wa hankali ba bisa abin da ta sani. Haramta haƙa ma, da hukuma kan yi saurin sanarwa, yana da nasa haɗarin: wanda ke tsoron kada a ƙwace masa dutse ba zai bar shi a fili ba, ɗaki zai kai shi ya rufe. Abin da ya fi amfani shi ne a fitar da niƙa daga cikin gari, a riƙa jiƙa dutse ana niƙawa don kada ƙura ta tashi, mai aiki kuma ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa.

Mai karatu na Kano ko Maraɗi ko Kumasi zai iya cewa, to ni gidana ba zinare, ina ruwana? Ruwanka kuwa, domin dalma a Zamfara ta haska wata hanya ce kawai, hanyar da ke tashi daga ƙasa ta bi hannu ta shiga baki, kuma wannan hanya a buɗe take a kowane gida. Abin da ke bin ta ne ya bambanta.

A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, a Senegal, tsofaffin batiran mota ne. Mutane sun riƙa fasa su suna cire dalma, mata na tankaɗe ƙasar wurin suna tattara ɓurɓushi a cikin gidajensu don sayarwa. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu. A wani gidan kuma kwalli ne. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka suka ga dalma ta hau a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya. Da aka bincika sai aka tarar kwallin da ake sa masa a ido ne, kuma gwaji ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na garin kwallin dalma ce. Dutsen tozali mai ƙyalli da ake niƙawa sau da yawa dutsen dalma ne, ɗan uwan wanda ya yi ɓarna a Anka. Jariri ya murza ido ya kai yatsa baki, shi ke nan. Kakanni za su ce su ma da shi aka raine su kuma ga su nan. Gaskiya ne, amma dalma kaɗan ba ta kashewa, rage kaifin ƙwaƙwalwa take yi a hankali, kuma ba wanda ke iya ganin abin da yaro zai zama da ba a rage masa ba.

Abin da ya fi yawa a tsakar gidajenmu dai ba dalma ba ne, kashi ne: na kaji, na awaki, na tumaki, da na yaran kansu. Wasu masu bincike a karkarar Zimbabuwe sun zauna suna kallon jarirai 23 na tsawon sa'o'i, suna rubuta duk abin da ya shiga bakinsu. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna uku daga cikinsu sun riƙa dumbuzar ƙasa suna ci, biyu kuma sun ci kashin kaji kai tsaye, duk a gaban iyaye masu kula waɗanda hankalinsu ya ɗan koma kan wani aiki. Da aka auna, ƙwayoyin cutar da ke cikin ɗan guntun kashin kaza sun ninka na ruwan shan gidan nesa ba kusa ba. Mu kuwa idan yaro ya fara rarrafe ya kama gudawa, abin da ake cewa shi ne haƙori yake fitarwa. Haƙori na fitowa ne daidai lokacin da yaro ya sauka daga baya ya fara yawo a ƙasa yana kai komai baki, shi ya sa ake ɗora masa laifin da ba nasa ba. Haka kuma ana ɗaukar kashin jariri kamar ba najasa ba ce mai cutarwa, a kwashe a watsa bayan ɗaki ko kan juji, alhali ya fi na babba yawan ƙwayoyin gudawa.

Kada a ɗauka maganin wannan mai sauƙi ne. Manyan gwaje-gwaje uku da aka yi a Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe, waɗanda sakamakonsu ya fito a 2018 da 2019, sun gina wa gidaje masai, sun ba da sabulu da wurin wanke hannu da maganin tsabtace ruwa. A Zimbabuwe har da shimfiɗa da ɗan shingen wasa na jariri. Gudawa ta ragu a Bangaladash, ba ta ragu a sauran biyun ba, kuma babu inda waɗannan matakai suka ƙara wa yara tsayi. Masu binciken da kansu sun ce dattin da ke kewaye da yaro ya fi ƙarfin gyaran da aka yi. Masai na raba babba da kashinsa, amma kaza ba ta shiga masai.

Wani gyara da ya nuna tasiri babba ya zo ne daga Meksiko. A shekarar 2000 gwamnatin jihar Coahuila ta fara wani shiri mai suna Piso Firme, na zuba siminti a ɗakunan talakawa masu ƙasa tsurarta. Gwamnati ta kawo kwaɓaɓɓen siminti, masu gida su shimfiɗa da kansu, kuɗin kowane gida wajen dala 150. Masana tattalin arziki suka kwatanta yaran birnin Torreón da na unguwannin da ke maƙwabtaka da su a jihar Durango inda shirin bai kai ba tukuna. A binciken da suka wallafa a 2009 sun ƙiyasta cewa maye gurbin ƙasa da siminti a duk ɗakunan gida na rage tsutsar ciki da makamantanta a ƙananan yara da kashi 78 cikin 100, gudawa da kashi 49, ƙarancin jini da kashi 81, kuma yaran sun fi yin ƙoƙari a gwajin fahimta. Dalilin a fili yake: siminti ana gani idan ya yi datti, ana wankewa, yana bushewa. Ƙasa kuwa ko an share ta, abin da ya jiƙa ya shige ciki yana nan.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Daɓe aikin mata ne na gayya tun kafin siminti ya zo: a zuba tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta haɗe, a bi ta da ruwan makuba ta yi ƙarfi da sheƙi. A da, ɗakin amarya ba ya cika sai an yi masa. Abin da ya faru a gidaje da yawa shi ne daɓen ya mutu, simintin kuma bai iso ba, ko ya iso ya tsaya a falon maigida da shagon bakin titi. Ɗakin da mai jego ke kwana da tsakar gidan da yaro ke yini su ne na ƙarshe a lissafi. Idan buhun siminti biyu ko uku kawai maigida zai iya saya bana, ni dai na san inda zan ce ya zuba su.

Ban da abin da ke shiga ta baki akwai wanda ke shiga ta hanci. Yaron da ke goye a bayan uwa tana hura wutar ɗanyen itace a ƙaramin madafi marar taga yana shaƙar hayaƙin da take shaƙa, da huhun da bai gama ginuwa ba kuma mai numfashi da sauri fiye da nata. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, fiye da 237,000 daga cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, akasari ta hanyar ciwon haƙarƙari. Da hunturu abin ya fi muni, lokacin da ake shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa don kada sanyi ya kama jariri. Sauro ma ginin gida ne ke ba shi hanya: wanda ke kawo zazzaɓi ya fi shiga ta ratar da ke tsakanin bango da rufi, kuma wani gwaji a Gambiya da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa sa raga a ƙofofi da tagogi tare da toshe wannan rata ya rage sauron da ke shiga ɗaki da fiye da rabi, ya kuma rage ƙarancin jini a yaran gidan.

Idan aka tara waɗannan, sai mutum ya sake duban wani abu da al'adarmu ta daɗe da ba shi suna. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya kafin yaye ko jim kaɗan bayansa ana cewa tana wabi. A yi ta neman taimako, a sa wa yaro suna na ƙasƙanci don a kawar da ido daga kansa, wani lokaci a zargi maye ko iska ko kishiya. Akwai gidajen da dalilin na jini ne, kamar sikila. Amma 'ya'yan uwa ɗaya ba jini kawai suka haɗa ba. Rijiya ɗaya suka sha, a murhu ɗaya aka goya su, a ƙasa ɗaya suka yi rarrafe, ta rata ɗaya sauro ya same su. Rai da ajali na Allah ne, babu mai jayayya. Haka nan neman sababi bai saɓa wa tawakkali ba. Wani lokaci dangi kan ɗauki yaron da ake jin tsoron rasawa su kai shi riƙo wani gida, ya rayu, a ce an ɓatar wa abin da ke bin sa sawu. Mai yiwuwa abin da ke bin nasa yana nan a gidan da ya baro, yana jiran ƙaninsa.

Shi ya sa ma'aikacin lafiyar da ya ga yaro ɗaya ya dawo masa karo na uku da gudawa ko tari, ya sake rubuta maganin da ya rubuta a baya ya sallame shi, bai gama aikinsa ba. Tambayoyin da suka rage ba sa buƙatar na'ura. Baiwar Allah, ina yaron ke yini? Kaji da awaki a sake suke ko a ɗaure? Ina kike girki, shi kuma yana ina lokacin? Mece ce sana'ar babansa, kuma da kayan aikin yake shigowa gida? Ana sa masa kwalli? Da an yi wa uwayen Dareta tambaya ta huɗu tun a mutuwar farko, wataƙila da ba a kai ga ɗaruruwa ba.

Ba a kuma koyi darasin da wuri ba. A watan Mayu na 2015 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sanar da mutuwar yara 28 a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Zinare ne, dutsen ne a cikin gida, jijjigar ce, kuma nan ma sai da aka yi jiran kuɗin gyaran ƙasa har zuwa shekarar da ta biyo baya. A Zamfara, MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha a 2022 bayan fiye da shekara goma, a daidai lokacin da matsalar 'yan bindiga ta sa zuwa ƙauyuka da yawa ya zama da wuya, zinare kuma ya ƙara tsada fiye da yadda yake a 2010.

Akwai wani bashi da bai zo biya ba sai yanzu. Maganin DMSA na kwashe dalmar da ke cikin jini, amma mafi yawan wadda ta shiga jiki a ƙashi take zama, kuma tana iya yin shekaru gommai a can. Lokacin da mace ta ɗauki ciki ko take shayarwa, jikinta kan ciro sinadarin gina ƙashi daga ƙasusuwanta ya ba ɗan, dalmar kuma ta biyo shi, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. 'Yan matan da suke da shekara biyu ko uku a Dareta da Abare da Bagega a 2010 yanzu sun kai munzalin aure, mai yiwuwa wasunsu sun riga sun haihu. Ya wajaba gwamnatin Zamfara ta sa gwajin dalma cikin awon ciki a asibitocin Anka da Bukkuyum, ta tabbatar masu cikin na samun abinci da magungunan ƙarin jini da na ƙashi, ta kuma sake auna ƙasar gidajen da aka gyara, domin duk gidan da dutse ya sake shiga ya koma yadda yake kafin a kankare shi.